Zango Na Biyu: Ina Aka Kwana?

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Yau mako bakwai ke nan cif da haska kashi na 13, wanda da shi muka rufe zango na ɗaya na wasanmu na gidan gado, mako guda kafin a kama azumi. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke bi na duk inda na sa ƙafa a Zariya. Mai shayin da nake karyawa wurinsa a Tudun Wada, mai Keke Napep ɗin da ya ɗauko ni daga Kwangila ranar Talata, har ɗalibaina na aji uku: "Malam, za a dawo kuwa?" Sai in ce in sha Allahu, alhali ni kaina ban san inda aka dosa ba. Shi ya sa na buɗe wannan kundi. Duk abin da aka yi zan rubuta shi da kwanan watansa, mai daɗi da marar daɗi.

Ga wanda bai kalla ba, labarin wani tsohon gida ne a cikin birni. Maigidan ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai da ƙanwarsa, Gwaggo, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida shekara talatin da suka wuce. Manyan 'ya'ya na so a sayar da gidan a raba kuɗi, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi inda Gwaggo za ta sa haƙarƙarinta. A fitowa ta ƙarshe Gwaggo na kwance ba lafiya, 'yar autar gidan ta zare makulli daga igiyar wuyanta, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfin. Kyamara ta tsaya a kan fuskarta. Nan muka yanke.

Ni na rubuta wannan yankewar, kuma ni ta fi hana barci. Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari, sai dai ta ce, "Kai wannan, me ke cikin akwatin nan?" Kullum in na je gaishe ta da safe sai ta tambaya, kullum sai in ce ta yi haƙuri ta gani da idonta.

Ɗazu da la'asar muka zauna a zauren gidan da muke ɗaukar wasan, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Mu tara muka samu zuwa cikin goma sha shida. Darakta ya karanta lissafi: ba wanda ke bin mu ko sisi, asusu kuma ba ko sisi. Na ce masa akwai masu bin mu, su ne mutanen da muka buɗe wa akwati muka tafi muka bar su.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kwana uku muka yi ni da darakta a kan lissafi, don mutane da dama sun ɗauka mun yi kuɗi. Suna ganin duk garin na maganar wasan, sai su ce ai YouTube ta cika mana aljihu.

Ga yadda abin yake. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata goma sha biyu. Mu sai a kashi na bakwai muka cika wannan sharaɗi, wato kashi shida na farko, lokacin da aka fi rububinsu, sun tafi kyauta. Bayan nan ma kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naka, ba a kuma turo maka sai ya kai dala 100. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kallo suna ya tara: wanda aka yi daga Najeriya ko Nijar tallansa ba ya tsada kamar wanda aka yi daga Amurka ko Ingila, mu kuwa masu kallonmu 'yan gida ne. Duk abin da ya shigo mana bai rufe kuɗin abincin lokeshan da man janareto na kwana goma sha tara da muka yi muna ɗauka ba. Kowa ya san abin da fetur ya zama tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023.

Sannan yawancin waɗanda ke tare ni a hanya ba ma a YouTube suka kalla ba. Jiya na zauna awa guda a shagon wani yaro mai tura fina-finai a Sabon Gari. A gabana mata huɗu suka miƙa waya aka zuba masu wasanmu daga farko har ƙarshe, suka biya shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Raina bai ɓaci da su ba. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu, matar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta ƙona data a kan wasa na minti arba'in ba. Sai dai kallonta ba ya shiga ƙidaya, ba kuma ya dawo mana da komai.

Gidan talabijin ɗin da ya haska mana zango na ɗaya ya ba mu lokaci ne kyauta, shi kuma ya riƙe kuɗin talla. Yanzu sun ce a wannan karon ko mu zo da mai ɗaukar nauyi ko mu sayi lokacin.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je wurin wani Alhaji ɗan kasuwa da aka ce iyalinsa na son wasan. Daga ƙarfe goma muka zauna a benci har aka kira azahar. Da ya fito ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce uwargidansa ba ta da zance sai na Gwaggo, ya ce mu bar takarda zai duba. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za mu dawo?" Ya ce zai neme mu. Mun bar takardar.

Juma'a, 23 ga Mayu

Cikin 'yan kwanakin nan labari ya zo daga Kano cewa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, har da manya irin su Labarina da Daɗin Kowa, sai sun kai aikinsu an tace. Mu muna jihar Kaduna, umarnin bai hau kanmu ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Na ce tunda wasanmu a kan gado yake, kuma gado ba abin wasa ba ne, bari in kai kaina inda za a tace ni tun kafin in yi ɓarna.

Na je wurin wani malamin fiƙihu a Unguwar Juma bayan sallar asuba. Na jira magidanta biyar suka gama ɗaukar karatu, sannan na matsa gaban buzunsa na kwashe labarin na faɗa masa. Ya saurara idonsa a rufe. Da na gama ya ce, "Ɗana, gidan nan wa ya gina shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, mahaifin mamacin." Don a kashi na biyu Gwaggo ta faɗa da bakinta cewa a ɗakin nan aka yanke mata cibiya, babanta ya gina shi.

Ya ce, "Da ya rasu an raba gadonsa?"

Na yi shiru. Ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Ya ce, "To ai Gwaggon taku ba zaman alfarma take yi ba. Gaskiya ne ba ta cin gadon ɗan'uwanta tunda ya bar 'ya'ya maza. Amma in su biyu ubansu ya bari, uwarsu kuma ta riga shi, sulusin gidan nata ne tun ranar da ya cika. Kashi biyun da suka rage su ne na mamacin. A cikinsu matan nan biyu za su raba tumuni tsakaninsu, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Kun sa mace tana roƙon ɗaki a gidanta."

Na fito jikina a sanyaye. Kashi goma sha uku muka yi muna sa mutane tausayin Gwaggo, ba mu taɓa gaya masu tana da haƙƙi ba. Kuma na san gidaje nawa ne a cikin ganuwar nan gadon kaka ke kwance ba a raba ba, 'yan'uwa mata sun yi kawaici saboda kunya, har jikoki suka ɗauka gidan na ubansu ne shi kaɗai. Abin da na shirya sakawa cikin akwatin tun farko na yage shi a daren. Yanzu na san abin da ke ciki, kuma yanzu ne na ji dole a yi zango na biyu, ko da kashi uku ne.

Asabar, 14 ga Yuni

Mako guda bayan Babbar Sallah. Yarinyar da ke fitowa a 'yar auta ta zo gida da ƙanwarta, ta daɗe tana wasa da gefen mayafi kafin ta ce, "Yaya, an sa rana." Watan Nuwamba, kuma Funtuwa za a kai ta. Ta ce daga yanzu ba za ta ƙara tsayawa gaban kyamara ba, haka suka yi da wanda za ta aura, kuma da yardarta. Na yi mata murna har zuciya. Da suka tafi na zauna na rasa abin da ke mini daɗi, don fuskarta ce hoto na ƙarshe da muka bar wa mutane.

Da dare muka yi ta ja-in-ja a waya. Wani ya ce a kashe 'yar auta a haɗarin mota, wani ya ce a tura ta makarantar kwana. Ban yarda ba. Ita ta ɗaga murfin, ita za ta faɗi abin da ta gani. Kashe ta don a huta da matsala cin amanar mai kallo ne, kuma mai kallo na gane mutuwar da labari ya kawo da wadda rashin mafita ya kawo. Manyan shirye-shirye sun sha canza jaruma a tsakiyar tafiya, aka yi surutu na mako biyu aka saba. Za mu nemo wata, mu kuma rubuta a farkon kashi na 14 cewa an canza, da dalilin canzawar, da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya.

Asabar, 5 ga Yuli

Wannan makon ya fi kowanne nauyi.

Wani furodusa daga Kano ya kira darakta, muka haɗu da shi a wani gidan abinci a unguwar PZ, nan Zariya. Mutumin kirki ne, bai yi mana kwana-kwana ba. Yana so ya sayi labarin gaba ɗaya, ya sake ɗauka daga farko a Kano, kashi 26, da fitattun fuskoki. Ni zan ci gaba da rubutu da albashi, darakta zai zama mataimaki. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da nake samu a koyarwa cikin shekara.

Na tambaye shi Gwaggo fa? Ya ce za a ba wata babbar jaruma. Na ce gidan fa? Ya ce suna da gidan da suke haya. Sai ya yi dariya ya ce, "Kuma Malam, sai an gyara Hausar nan. Ba za a yi ta ce mana 'matana' da 'rigan nan' a talabijin ba." Muka yi dariya tare, don tsakanin Bakano da Bazazzagi wannan tsokana gado ce. Amma da gaske yake.

Matar da ke fitowa a Gwaggo tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba kafin mu. Ba ta haddace rubutuna. Takan karanta, ta ajiye takardar, ta faɗi abin da harshen da ta tashi da shi a cikin birni. In ta ce "gidan ubana ne, ba na fita," matan Zariya kakarsu suke ji. Abin da ya sa suke cika shagon mai turi ke nan. Ban ga laifin Kano ba. Can masana'antar take, can kuɗi da kayan aiki suke, kuma tun da Arewa24 ta fara a 2014 su suka koya wa mutane jiran wasa mako-mako da wannan sabon salo. Sai dai in aka ɗauke labarin nan daga gidan ƙasa aka kai shi falo mai tayil, aka sauya bakin Gwaggo, wani wasa ne daban za a yi, mai yiwuwa ma ya fi namu kyau. Amma ba shi Inna ke jira ba.

Darakta ya ce in dubi Allah. Shi ba shi da albashi, kyamarar nan ce gonarsa, 'ya'yansa huɗu. Gaskiya ya faɗa, kuma ba ni da amsar da zan ba shi wadda za ta sayi buhun masara. Abin da na iya cewa kawai shi ne guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, mu yi kashi shida da abin da Allah ya hore, mu rufe labarin a nan inda muka buɗe shi. Ya tashi ya hau babur ɗinsa bai ce mini komai ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Mako uku darakta bai ɗaga wayata ba. Na gama rubuta kashi huɗu cikin shida, ban san ko akwai mai ɗauka ba.

Yau da safe na ce wa Inna, "Inna, bari kawai in gaya maki abin da ke cikin akwatin, don ban ga alamar za a yi ba." Tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Riƙe abinka. Ba a bakinka nake so in ji ba."

Lahadi, 17 ga Agusta

Daren Alhamis aka kwana ana ruwa. Da asuba jikan Iya, tsohuwar da ta ba mu aron gidanta, ya buga mini waya ya ce gefen soron ya zube. Soron nan shi ne ɗakin Gwaggo a wasan.

Na tarar da kusurwar gabas ta sauko, jar ƙasa ta cika tsakar ɗakin har bakin gado, azara uku sun fito fili suna ɗigar ruwa. Bakan gizon da ke riƙe da rufin yana nan daram, sai wata tsaga siririya da ta bi gefensa. Allah ya kiyaye ba wanda ke kwana ciki. Iya na tsaye bakin ƙofa da carbi tana cewa, "Shekara sittin ina shara a ɗakin nan." Ba wanda ya manta abin da ya faru a watan Agustan 2023, da wani sashe na babban masallacin Juma'a na ƙofar fada, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajejen shekarun 1830, ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka. Don haka na ce ba mai ƙara shiga sai magini ya gani.

Maginin dattijo ne. Ya hau rufin ba takalmi, ya sa hannu cikin indararo ya zaro tarin ciyawa da sheƙar tattabaru. Ya ce, "Ga ɓarawon nan. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa don tsufa, sai don an daina kula da shi." Ya ce da can kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an share indararo an yi yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa don ruwa ya riƙa zamewa. Yanzu masu sanin aikin sun ƙaranta, masu gidajen kuma jira suke a sayar. Ya tallafe azarorin da gumagumai, ya ce gyara na sosai sai ruwa ya ɗauke.

Ina tsaye ina kallon ɓaraguzan sai na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Darakta ne, kyamara a cikin leda a ƙarƙashin rigarsa. Bai gaishe ni ba ma, ya leƙa ta taga ya ce, "Kada a kwashe ƙasar nan. Wannan hasken da ke shigowa ta ɓarakar ba za mu iya sayensa ba." Daga waje ya ɗauka, kusan awa guda, ruwa na yayyafi a bayansa. Da ya gama ya ce, "Ka sa rushewar a labarin. Kashi shidan ne ko?" Na ce shida ne. Ya ce, "To, Allah ya sa mu dace."

Rabin kuɗin gyaran a kanmu yake. Iya ba ta nema ba, amma shekara guda muna shiga muna fita a gidanta ba ta taɓa karɓar ko goro ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Na je duba Baba, wanda ke fitowa a mai unguwa. Ciwon suga ya taso masa, ƙafa ta kumbura, ya rame. Shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa yin wasan daɓe tun yana saurayi.

Hira ta kai mu kan marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan, wanda a watan nan yake cika shekara takwas da rasuwa, da Samanja, Usman Baba Pategi, da ya bi shi a Nuwamban 2023. Baba ya ce lokacin da ake haska su daga Kaduna, talabijin ɗaya ce a layinsu, baƙi da fari, maigidan ya fito da ita ƙofar gida ya ɗora a kan tebur, yara a ƙasa, manya a benci. Ya ce, "Mu ba mu san wani abu zango ba. Ranar wasa in ta zo, wasa zai zo." Na ce masa yanzu kowa da talabijin ɗinsa a aljihu, amma mai yin wasan ne ba shi da tabbacin gobe.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam marubuci, in kun tashi ɗauka ku fara da nawa." Na ce, "Haba Baba, za ka warke." Ya ce, "Na ji. Ku dai fara da nawa." Na dawo gida na sake jera jadawalin. Fitowarsa tara ce, duk na tattara su a kwana biyun farko, kuma duk a zaune.

Lahadi, 28 ga Satumba

Alhaji bai neme mu ba. Kuɗi ya zo ta inda ban zata ba. Malamar da ke fitowa a Gwaggo ta kai maganar wurin matan da suke adashi tare, suka yarda a ba mu kwasar wannan wata rance, mu biya bayan an haska. Ta kawo kuɗin ƙulle a gefen zane, da sunayen matan goma sha biyu a takarda, ta ce, "Ɗana, wannan kuɗin ƙuli-ƙuli ne da ɗinki. Ka san nauyinsa." Na sani. Wani mai shagon kayan gini ya sayi talla na daƙiƙa talatin a kowane kashi. Masu turi shida a Sabon Gari da Tudun Wada sun yarda mu riƙa ba su kowane kashi kwana guda kafin ya hau YouTube, su biya mu wani abu a kai. Ba yawa, amma karo na farko ke nan da kallon matan nan zai dawo mana da ko kwabo.

Jiya muka gwada 'yan mata goma sha ɗaya a Samaru, yawancinsu ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a gindin bishiya kusa da dandalin wasansu na ginin ƙasa. Ban ba su magana ba. Na ajiye kwali a gabansu na ce kowacce ta buɗe, ta ga abin da zai sauya rayuwar gidansu. Goma sun zaro ido sun dafe ƙirji. Ɗaya, 'yar Gyallesu, ta buɗe, ta duba, ta mayar da murfin a hankali, ta waiga ta ga ko wani ya gan ta. Ita muka ɗauka.

Asabar, 18 ga Oktoba

An fara.

Ruwa ya ɗauke, magini ya gama gyaran ciki, ya bar mana waje yadda yake sai mun gama. Ƙarfe shida muka haɗu, aka karya da koko da ƙosai a zaure. Litinin da Talata mun gama da Baba. Jikansa ya kawo shi a Keke Napep, muka ɗora ƙafar a kan matashi inda kyamara ba ta gani, kuma muryarsa ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba.

Yau ce ranar akwati. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne sauti. Bayan katangar akwai injin markaɗe, kuma safiyar Asabar layi ake yi. Na je na roƙi mai injin, ya ce in zai ji abin da ke cikin akwatin zai kashe na awa guda. Na ce sai dai in biya shi kuɗin awar. Ya yi dariya ya kashe, ya ƙi karɓar komai. Sai zakaran Iya ya karɓi aiki, yara suka kai shi maƙwabta.

Sai da muka zo sa kaya muka tuna zanen da kallabin da 'yar auta ta sa a kashi na 13 na yarinyar ne na kanta, ba namu ba. Muna cikin neman mai kama da su sai ga amaryar ta yi sallama, da ƙullin kaya a hannu, wankakku a goge. Ita ta ɗaura wa sabuwar kallabin da hannunta, ta karkata shi hagu yadda take yi, ta nuna mata yadda ta durƙusa da gwiwa ɗaya, ta ce, "Makullin yana cijewa, sai kin ɗan ja shi baya." Sannan ta koma zaure ta zauna wurin Iya, ba ta shiga ɗakin ba.

Mu huɗu muka shiga: darakta, mai sauti, yarinyar, da ni. Malama na kwance a gado ta juya fuska bango. Aka saki labule, yara na ta leƙe ta saman katanga ana kora. Sau uku aka ɗauka. A na ukun da yarinyar ta ɗago abin da ke ciki ta karanta layin farko, sai na ji malama na shessheƙa a hankali, wadda ba ta cikin rubutu. Darakta bai ce a yanke ba sai da ta yi shiru. Daga baya ta ce mini ita ma haka aka yi wa mahaifiyarta a gidansu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Kashi huɗu sun shiga kyamara, biyu sun rage, kuɗi kuma ya ƙare ranar Laraba. Abin da ya rage shi ne zaman rabon gado, wanda ke buƙatar kowa da kowa a tsakar gida rana ɗaya, mutum goma sha tara da abincinsu da kuɗin motarsu. Na kai wa Malam rubutun wannan zama, ya gyara mini wuri biyu da jan biro. Hazo ya fara sauka, darakta na tsoron kada launin sama ya bambanta da na fitowar da muka riga muka ɗauka, don haka ba mu da fiye da mako biyu.

Gidan talabijin sun ce tallan mai kayan gini bai kai kuɗin lokacinsu ba, amma in mun kawo kashi biyu sun gani za a sake zama. Ko sun karɓa ko ba su karɓa ba, YouTube da masu turi suna nan. Burinmu mu fara saki a farkon Janairu, kashi ɗaya kowace Asabar, mu rufe kafin azumi, wanda ake sa ran kamawa bayan tsakiyar Fabrairu. Wanda ya tare ni yanzu ya ce za a dawo kuwa, ina ce masa huɗu na hannu, biyu na wurin Allah.

An kwantar da Baba a asibiti shekaranjiya, muna roƙon addu'a. Bikin amarya Juma'a mai zuwa, dukanmu za mu raka ta Funtuwa. Jibi Litinin bayan an tashi makaranta zan wuce wurin edita a Sabon Gari mu kalli kashi na 14 a haɗe karo na farko, daga nan in biya kasuwa, don Inna ta ce batirin solarta ba ya kai ƙarfe tara, a canza mata shi tun yanzu.